Rariyar da Inna ta toshe

Tsakar gidanmu a Isa laka ce zalla. In an yi ruwa ba ya nitsewa, sai ya kwanta mu yi ta shan santsi. Baba ya sha wuya kafin ya haƙa kwata, ya huda rariya a gindin katanga don ruwan ya riƙa fita.

Da shekarun fari suka zo, ƙasar ta tsattsage. Sai Inna ta toshe rariyar da tsumma, ta riƙa zuba ruwan alwala da na wanke-wanke a wurin. Baba ya yi ta faɗa an ɓata mishi aiki. Ta ce, "Malam, ina ruwan da za ni kora waje?"

A lungun nan ciyawar kiri-kiri ta tsiro, faɗin faifai. Baban da ya yi faɗa shi ne ke tuɓe takalmi da la'asar ya ɗora ƙafa a kai, yana korar akuya.

Bana ɗana ya shimfiɗa ciyawar roba a gidansa na birni, koriya shar. Na tuɓe takalmi na taka, zafinta ya gasa mini ƙafa. Na ce mishi ta yi kyau, na mai da takalmina.