Mai Famfo, Kai Ka Ci

Ranar Lahadi, tara ga watan Maris, da misalin ƙarfe sha ɗaya na safe, Allah Ya karɓi ran Mai Famfo a jikin katangar kasuwa, da bokiti a gabansa da ƙarfen kankare bango a hannunsa. Ƙarfe sha biyu da rabi na wannan rana aka karanta sunansa a zauren majalisar gari, cewa shi ne ya ci kujerar kansilan mazaɓarmu. Mun san na Allah ne mu, kuma wurinSa za a tattara mu. Amma yau kwana biyar ke nan, duk sanda na jera waɗannan lokuta biyu a raina sai jikina ya yi sanyi.

Ni ne wanda ka kayar, Mai Famfo. Shekara goma sha biyu ina kan wannan kujera, sau uku muna karawa ina kai ka ƙasa. Wasu za su yi mamakin ganin ni ne nake rubuta maka ta'aziyya. Su yi ta yi. Akwai maganar da take tsakanina da kai, ba kuma wanda zai faɗe ta sai ni.

Karon farko da na kayar da kai, magoya bayana ba su gama ihu ba sai ga ka a ƙofar gidana. Wasunsu har sun fara naɗe hannun riga. Ka ratsa su, ka ba ni hannu, ka yi mini fatan alheri. Kana juyawa sai ka tsaya, ka karkata kunne, ka ce kujera dai na ci, amma famfon tsakar gidana yana zuba. Ka zaro sifana daga aljihun babbar riga, ka durƙusa gaban mutanen da suka yi wata guda suna zaginka, ka ɗaure shi. Tun daga ranar matata ta ce babu mai taɓa mata bututu sai kai. Da zaɓe na biyu ya matso na ce mata abin kunya ne abokin hamayyata ya riƙa shiga gidana da akwatin aiki. Ta tambaye ni ko ni na iya ɗaure famfo. Maganar ta mutu a nan.

Akwai kuma tankin ruwan ƙaramin asibitin mazaɓarmu, wanda ya tsage. Wata uku ina rubuta wa majalisa takarda, ana ce mini ana dubawa, mata masu jego suna zuwa da ruwansu a jarka. Wata Asabar ka ɗauki tsani ka hau ka gyara, ba ka gaya wa kowa ba. Gari ya ɗauka da cewa kansila ya yi aiki. Aka yi ta sa mini albarka, ni kuwa na yi gum, ina amsa amin. Da muka haɗu na kasa haɗa ido da kai, sai ka yi dariya ka ce ai ruwa bai san sunan kowa ba.

Kana da wata ɗabi'a da muka mayar abin dariya. Ba ka manna hotonka a bangon mutum sai ka yi sallama ka nemi izini, ka kuma yi alkawarin za ka cire washegarin zaɓe. Kana cikawa kuwa. Daga makaranta kake farawa, a kasuwa kake ƙarewa, kai kaɗai da bokitinka. Wayarka kuma a kashe take wuni, domin ka ce ka gaji da masu kira suna maka jaje kamar wanda aka yi wa gobara. Nawa hotunan na zaɓen farko har yau suna nan a wasu lunguna, sun koɗe.

Wannan karon babu wanda ya zaci wani abu zai canja. Kai kanka ba ka zata ba. Wakili ɗaya gare ka a zauren tattara sakamako, ƙanen matarka wanzami, shi ma da ya ga abin zai ja lokaci sai ya tafi ya buɗe shago, wai ya san ƙarshen labarin.

Ni kuwa ina da wakili a kowace rumfa. Ƙarfe takwas na safiyar Lahadi shugabansu ya baje mini takardun a kan teburin falona. Muka haɗa lissafi sau uku. Ka fi ni da ƙuri'a tara. Nan take aka rufe ni da shawara: kada in fita, kada in yi magana da kowa, a nemi sake ƙirga, tara ai ba rata ba ce. Alhali na san babu maguɗi, domin kowace takarda da sa hannun mutumina a ƙasanta.

Wallahi na san abin da ya kamata in yi. Sau uku ka tako zuwa gidana, yanzu layi ya zo kaina. Na san inda kake, tun da duk gari ya san hanyar da kake bi. Daga ƙofata zuwa kasuwa tafiyar minti goma ce a ƙafa. Sau biyu ina sa hula ina cirewa. Na ce bari dai hukuma ta sanar tukuna, na zauna gaban kofin shayi har ya huce. Ba doka ce ta riƙe ni ba, girman kai ne. Na kasa hango kaina a tsakiyar kasuwa ina miƙa hannu ga mutum mai bokiti, 'yan tireda suna kallo.

Mai sayar da kayan miya da ke kusa da katangar ta ba ni labarin yadda aka yi. Ta ce saura hoto biyu ka gama, sai ka ajiye ƙarfen, ka jingina da bango, ka ce ƙirjinka ya yi nauyi, a ba ka ruwa. Kafin ta juyo da moɗa ka zame ƙasa. Likita ya ce zuciya ce.

Da aka karanta sakamako a zaure, an ce sai da mutane suka yi kallon-kallo, sannan wuri ya kaure. Aka kwasa a guje zuwa gidanka. Sai a lokacin na sa hulata na bi bayansu, tun da babu sauran abin ɓoyewa. Da idona na gani: masu murna sun taho ta saman layi suna kiran sunanka, motar asibiti ɗauke da gawarka ta taho ta ƙasan layi, suka haɗu daidai ƙofar gidanka. Ban taɓa jin ihu ya yanke haka ba. Wanzami, wanda aka kira daga shago ya rako gawar, ya fito daga motar, ya dubi jama'a, aka ce masa kun ci, sai ya zauna daɓas a bakin kwata.

Kwana uku bayan haka maiɗakinka ta aiko a shigar da ni. Tana zaune a ɗakinka, kayan aikinka na jere a ƙarƙashin gado. Bayan mun gaisa ta ce, "Kansila, ku da kuke da mutane ko'ina, yaushe kuka sani?"

Da na yi ƙarya babu mai tona ni. Na ce, "Ƙarfe takwas, Yaya."

Ba ta zage ni ba, da ma ta zaga da na fi samun sauƙi. Ta ce ajali ba ya ɗaga ƙafa, ko na je ba zan ƙara maka minti guda ba. Ta ce ba kujerar ce ta dame ka ba, kullum cewa kake ko sau ɗaya kana so ka san ko garin nan ya yarda da kai. Sannan ta ce, "Awa uku, Kansila. Ai da ya ji."

Za a sake zaɓe a mazaɓarmu, har mutanena sun fara zarya suna cewa kujera ta dawo gida. Na sallame su. Ba zan tsaya ba, domin ba tawa ba ce. Abin da ya rage mini shi ne saƙon da na danne, ga shi na kawo a makare: Mai Famfo, garin nan ya yarda da kai. Kai ka ci.

Ya Allah, ga bawanKa ya zo maKa ba shiri. Ka yi masa rahama, Ka yafe kurakuransa, Ka yalwata makwancinsa, Ka shayar da shi kamar yadda ya shayar da marasa lafiya ba tare da neman yabo ba. Ina miƙa ta'aziyyata ga 'ya'yansa, da surukinsa wanzami, da abokan sana'arsa, da duk wanda ya jefa masa ƙuri'a ya wayi gari da makoki. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya sa mu cika da imani. Ke kuma Yaya, Allah Ya sanyaya zuciyarki. Ba na cewa ki yafe mini yanzu. In wata rana kin iya, ki aiko a gaya mini.