Shekarar da Na Ce Rana Za Ta Lafa

Ina koyar da labarin ƙasa a wata sakandare a Birnin Kebbi, kuma ina da hali guda da na sani ba kyau: in na karanta sabon abu, bakina ba ya iya riƙe shi. A shekarar da nake magana, abin da ya shiga kaina shi ne rana. Na karanta cewa akwai wasu tabo-tabo baƙaƙe a fuskarta, suna yawaita su ragu duk bayan kimanin shekara goma sha ɗaya. In sun yawaita, tana ƙara feso wani haske mai ƙuna, har iskar ozon da ke can sama tana tace mana shi ta ɗan ƙaru. In sun ragu, sai a ce rana ta lafa. Lokacin kuwa tana shiga lafawar.

Da wannan na je gida Argungu ranar wata Asabar. Baba ya gama cire albasarsa, an zube ta tana shan iska. Yayana yana so a sayar nan take, Baba kuma yana tunanin zuba ta a rudu, wato rumfar kara da ciyawa da ake adana albasa a ciki har ta yi daraja. Abin da ke hana shi yanke shawara tsoron zafin bazara ne, don shi ke dafa albasa tun tana ajiye.

Ba wanda ya tambaye ni. Ina miƙa wa Baba ruwan alwala na ce, "Ai masana sun ce bana rana za ta lafa."

Ya ɗago kai. "Mi kic ce, Malama?" Haka yake kirana in yana son tsokana.

Na maimaita, har da ƙarin bayanin tabo da ozon. Ya saurara yana gyaɗa kai, ni kuma ina jin daɗin kaina. Ban lura ba cewa ranar da nake nufi daban, tasa daban. Tawa tana cikin littafi. Shi kuwa in ya ce rana, yana nufin abin da ke ƙona masa ƙeya a fadama. Ya ji ɗiyarsa mai boko ta ce zafi zai yi sauƙi, sai ya zuba albasar duka a rudu.

Bazarar nan ba ta yi sauƙi ba ko kaɗan. A ɗakina na unguwar Gwadangaji a Birnin Kebbi ko katifa ba ta kwantuwa da tsakar rana. Sai a lokacin na koma na karanta sauran bayanin da na tsallake: lafawar rana ba ta rage zafin da muke ji a ƙasa sai ɗan abin da ba a ko lura da shi, kuma hayaƙin da duniya ke turawa sama ya fi ƙarfinsa nesa ba kusa ba. Na ɗauki waya sau uku in kira Baba, kunya ta hana ni. Na ce wa kaina wataƙila albasar ta jure.

Da na koma Argungu, tun daga bakin lungu wari ya tare ni. An kwashe rudun, Baba da Yaya suna tsugune suna tsince mai rai daga cikin ruɓaɓɓiya. Wadda ta tsira ba ta kai kashi ɗaya cikin uku ba. Noman rani guda ke nan, da ban ruwan da Baba ya yi da ciwon gwiwarsa.

Yaya ya yar da wata da ta narke masa a hannu. Ransa a ɓace ya ce, "Baba, don Allah wa yac ce maka a aje ta? Na hwaɗi a saishe ta tun tana ɗanya!"

Ina tsaye da jakata a kafaɗa. Baba bai ko dubi inda nake ba.

"Ba kowa," ya ce. "Ni ɗai nay yanke."

Na ajiye jakar na tsuguna ina tsincewa tare da su. Baba ya rasu bayan shekara biyu, kuma har yau Yaya yana ba da labarin a matsayin taurin kan tsoho. Duk lokacin da ya fara, ina zaune ina ji, ban taɓa gyara masa ba.