Littafin da Mushe Ya Raba Gida Biyar

Shekara huɗu ke nan da samun mulkin kai, shekarar da aka ce masu bindiga sun ƙetaro iyaka, aka sa kowane gari ya fitar da 'yan sintiri da kwari da baka. Mu a Dakoro ba mu ga faɗan da idonmu ba, wahalarsa dai muka sha. An datse hanyar Kornaka, an hana taro, sojoji suka sauka a lakwal, makarantar boko, suka shanya wankinsu a kan teburan yara.

A lokacin awon hatsi nake yi a kasuwa, na haura arba'in. Mu biyar ne muke zuwa karatun manya bayan la'asar, wurin malamin babban aji, wanda muke kira Mushe. Na san baƙaƙe, ina haɗa su da ƙyar. Ɗana na fari kuwa yana cikin yara tara da za su zauna jarrabawar satifika. Ya taɓa faɗuwa sau ɗaya, shekarunsa kuma sun kai iyaka. In ya sake faɗuwa, shi da lakwal sai hange.

Ana gama girbi aka kira Mushe Maradi, wai za a yi masa tambayoyi kan wani ɗan'uwansa. Bai san ranar dawowa ba. Littafi ɗaya gare shi na shirin jarrabawa. Ya sa reza ya yanke zaren, ya raba shi kashi biyar, ya ba kowannenmu kashi guda. Ya ce yara su riƙa zuwa gidajenmu bibbiyu don kada a ce taro ne, in sun yi mako su sauya gida.

“Baba, ku dai sa su aiki,” ya ce mini. “Kada littafin ya kwanta.”

Bayan tafiyarsa muka yi shawara a rumfar tela, wanda shi ne babbanmu. Tela ya ce ai karatu duk ɗaya ne, yadda aka yi mana a allo haka za mu yi musu: ba a wanke wa yaro sai abin da ke rubuce ya zauna masa a ka. Babu wanda ya musa, don ba mu san wata hanya ba.

Kashin lissafi ne ya faɗo mini. Akwai famfo mai cika tanki, akwai jiragen ƙasa biyu da za su gamu a hanya, amsoshi kuma suna shafin ƙarshe. Ban taɓa ganin jirgin ƙasa ba, Faransancin ma ba ji nake sosai ba. Abin da na iya shi ne in bi layi da yatsa, in ji ko abin da yaro ya faɗa ya yi daidai da takarda. Sai na sa suka haddace tambaya da amsarta. Kullum da hantsi nakan bar wa ƙanena awo in zauna da su a zaure. Har mai ɗakina ta riƙe tambayar famfon, in ta kawo fura takan tambaye ni ko yau ma tankin nan bai cika ba.

Wata yarinya, ɗiyar mahauci, ta taɓa ce mini, “Baba, Mushe fa ba haka yake yi ba. Shi sauya lambobin yake.” Na ce mata in ya dawo ya sauya, ni ba zan taɓa wa mutum littafinsa ba. Ɗana ya fi kowa hadda, ina jinsa ina jin daɗi.

Wata biyar muka yi a haka. Mushe ya dawo cikin bazara a rame, saura mako uku jarrabawa, sojoji sun riga sun tashi. Na raka yaran aji na tsaya bakin taga. Ya rubuta tambayar famfo a allon bango da wasu lambobi dabam. Kafin ya ajiye alli duk sun ɗaga hannu. Ya nuna ɗana, ɗana ya miƙe ya zuba masa amsar littafi. Ya rubuta ta jirgi, aka sake yin haka. Sai ya fito ya tambaye ni yadda muka yi. Na faɗa masa duka.

“Kun yi ƙoƙari, Baba,” ya ce. “Ni ne ban yi muku bayani ba.”

Muka bar masa lokacinmu na la'asar ya ƙara wa yara. Ya yi iyakar yinsa, amma mako uku ba ya warware wata biyar.

Cikin yara tara, biyu iyayensu sun tafi da su kiwo wajen Tagriss tun kafin ranar. Bakwai suka zauna, biyu suka ci, ɗiyar mahauci da wani yaro daga Mai Yara. Biyar suka faɗi, har da ɗana, ya dawo kasuwa muna awo tare. Littafin da tela ya sake ɗinkewa ya rasa shafi goma sha ɗaya. Ajinmu na manya kuma ya yi shekara uku a rufe, don da damina aka ɗauke Mushe aka kai shi wani gari.