Tukunyar da Aka Dawo da Ita

Shekarar da aka mayar da motoci hannun dama ce, damina ɗaya kafin babban fari, lokacin ko ɗankwali ban iya ɗaurawa da kyau ba. Ranar kasuwar Gwarzo muka yi sammako daga ƙauyenmu na gefen Kabo, ni da kakata Iya Gambo, jaki na gaba da tukwane a cikin ragar igiya. Ni ba a kai ni boko ba, amma na san yumɓu. Ni ke tattaka shi da ƙaiƙayi, ni ke tara kara da busasshen kashin shanu na gasa tukwane. Kuma a faɗin ƙasar nan, ku tambaya, tukunyar Iya idan ka ƙwanƙwasa ta amsawa take kamar ƙarfe.

Hantsi ya dubi ludayi sai ga wata yarinyar mace daga Mainika, ta ɗauko babbar tukunyar dafa ruwan jego a ka, irin wadda ake saye kafin haihuwa. Ta dire ta gaban Iya, ta soma zazzaga. Wai mu macuta ne, tukunyarmu yoyo take, tsohuwar banza mai gina wa mutane asara. Kasuwa ta taru. Masu tukwanen da ke gefenmu har gyara zama suka yi, an samu abin kallo. Ni kuwa zuciya ta ɗebe ni, na sunkuci tulu na nufi rijiya, don in cika tukunyar a gaban kowa a ga mai ƙarya. Ai sunan Iya shi ne abincinmu.

Ina dawowa Iya ta riƙe mini hannu. "Tabawa, ajiye. Zuba wa baƙuwa a moɗa ta sha." Ta shimfiɗa mata buhunmu, ta bar ta ta yi ta faɗa har muryarta ta dushe, ba ta tare ta ko sau ɗaya ba. Sannan ta ce, yadda na kusa da na nesa za su ji, "Laifin tukunya ne, 'yata. Bar ta a nan, ki yafe mini." Sai a lokacin na kalli matar da kyau. Majanyi ɗaure a ƙugunta, bayanta babu kowa. Gaban rigarta ya jiƙe da nono. Tana zaune tana jijjiga, kamar yadda ake rarrashin goyo.

A hanyar gida na yi ta kuka, ina cewa an zubar mana da mutunci. Iya ta ce, "Ke dai da baki kamar reza. Ba da mu take faɗa ba. Wanda ya karɓe mata jaririnta ba a yi masa tsawa, shi ya sa ta zo wurinmu."

Maganar ta bi ƙauyuka. Har lokacin kaka ya wuce muna komawa da rabin kayanmu, 'yan Kutama na yi mana waƙar yoyo, Iya ba ta taɓa buɗe baki ta wanke kanta ba. Tukunyar kuwa ta ajiye ta bayan rumbu, ta hana a sayar, ta hana a dafa ko ruwan kunu a ciki. Ruwan sama ya cika ta, ya zauna har tsakiyar rani, gindinta a bushe ƙayau. Mu yara ko ɓuya muke ba ma zuwa wajen. Ni dai duk sanda na leƙa, bayan matar nan nake gani yana jijjiga.

Yanzu roba ta kori tukwane. Rannan na ga mai shago a Gwarzo yana cacar baki da wata mata a kan bokiti, kowa ya ɗaga waya yana ɗauka, ba wanda ya dubi bayanta ko ya miƙa mata ruwa.

Iya ta rasu, masu yi mana dariya sun bi ta. A cikin waɗanda suka tsaya a wurin ran nan, saura ni da wani Malam Sule mai jaki, shi ma ido ya tafi. Matar kuwa ko sunanta ban sani ba. Tukunyarta na nan bayan ɗakina, har yau ba ta ɗiga ba.