Ranar da Jirgin Ruwa Ya Tafi Ya Bar Ni da Surukata

Assalamu alaikum Edita da masu karatu. Lokacin da abin nan ya faru ni ɗaliba ce a Kuala Lumpur, ina karatun digiri na biyu, muna zaune da maigidana a wani ɗan fulat a unguwar Setapak, can hawa na sama, inda in lif ya lalace sai ka yi ta salati a kan bene. Ana ɗaura mana aure ba da jimawa ba muka taho Malesiya, saboda haka ban taɓa zama da mahaifiyarsa ba, gaisuwar waya ce kawai tsakaninmu, ita ma a taƙaice. Ga shi mun kwana biyu da aure Allah bai kawo haihuwa ba, ni kuwa na riga na yanke a raina cewa Hajiya tana kallona da wannan, ko da ba ta taɓa furtawa ba. Da maigidan ya kammala digirinsa na uku, Hajiya ta zo bikin yaye su. Na shiga hidima ba ji ba gani, amma ban iya haɗa ido da ita, ban iya cin abinci a gabanta. In ta zauna a falo sai in tsiri wanke-wanken da babu shi.

Maigidan ya daɗe da burin yawon buɗe ido a irin manyan jiragen ruwan nan da ke zagaya Bahar Rum, ya ce kafin mu tattara mu koma gida sai ya kai mahaifiyarsa ta ga teku da idonta. Bayan wahalar biza da dogon zama a jirgin sama, muka tsinci kanmu a gaban wani jirgi da ya fi ginin da muke haya tsawo. Hajiya ta ɗaga kai ta daɗe tana kallonsa, sannan ta tambayi ɗanta ko ya tabbata wannan unguwar tana motsi. Ta kuwa motsa. Da safe mu buɗe labule mu ga wani gari daban, da yamma mu hau can sama mu ga rana tana nutsewa cikin ruwa. In za mu yi salla sai mun duba alƙibla a waya, domin inda ka fuskanta da azahar ba nan za ka fuskanta da la'asar ba.

Abinci kuwa sai dai hamdala. Da farko mun tsorata, muka tsaya kan burodi da 'ya'yan itace, har muka gane mai kawo mana abinci a teburinmu ɗan Indonesiya ne, Musulmi. Na jefa masa 'yar Malay ɗin da na tsinta a shagunan abinci na mamak, na tambaye shi ko wannan boleh makan, wato ko za a iya ci, sai fuskarsa ta cika da murna kamar ya ga 'yar garinsu. Daga ranar, kafin mu zauna ya riga ya tantance mana abin da babu alade ko giya a cikinsa. Kifi gasasshe, taliya da jatan lande, miyar kabewa mai santsi, ga kayan zaƙi iri-iri. Hajiya tana da 'yar robar yajinta da ta taho da ita tun daga Kano, komai aka kawo sai ta barbaɗa. Wasu tsofaffin Turawa, mata da miji, da aka haɗa mu tebur ɗaya suka yi ta leƙe, ta miƙa musu. Mijin ya zuba da yawa, ya yi jawur yana tari yana ɗaga mata babban yatsa, Hajiya ta yi dariya har da share hawaye. Washegari shi ya fara miƙo farantinsa. Ni kuwa a duk wannan daɗin tsakura kawai nake yi saboda kunya, in an tashi sai in zagaya ɗakin abincin sama inda kowa ke ɗiba da kansa, in yi tapau, wato in ƙunso abinci, in kai ɗaki in ci in ƙoshi.

Ranar da muka isa Messina a tsibirin Sisili na ƙasar Italiya, teku ta ɗan yi tsalle kafin wayewar gari, maigidan ya tashi da jiri da tashin zuciya. Ya sha magani ya ce shi kam yana nan, mu je kada a yi asarar ranar. Jirgin yana shirya wa fasinjoji motocin yawo da ɗan jagora, kuma in motarsu ta makara ana jiranta. Amma mu tun farkon tafiya da kanmu muke fita, don Hajiya ba ta son a riƙa kora ta kamar ɗalibar firamare, ni kuma ina ganin wadda ta saba da LRT da monorel, jiragen ƙasan cikin Kuala Lumpur, ba ta ɓata a duniya. Na duba waya, na ga wani gari a kan dutse mai suna Taormina, bas na zuwa. A bakin fita an kafa allo ɗauke da lokacin da kowa zai dawo, na karanta shi sarai.

Garin ya yi kyau har ban san yadda zan kwatanta ba. Lunguna ƙanana, furanni na zubowa daga tagogi, teku shuɗiya a ƙasa, ga wani dutse mai aman wuta can nesa yana ɗan hayaƙi. Muka sha wata ƙanƙara mai lemon tsami, Hajiya ta ce haƙoranta sun yi gaisuwa da kakanninta. Komai lafiya har muka biyo ta wani shago da wata tsohuwa ke sayar da saƙar leshi ta hannu. Hajiya tsohuwar mai sayar da atamfa da leshi ce, ko a Jalan TAR, titin 'yan yadi na Kuala Lumpur, sai da muka wuni tana murza yadi da yatsu biyu. Ta shiga, suka haɗu da tsohuwar nan, wannan ba ta jin Hausa, waccan ba ta jin Italiyanci, amma hira ta ƙi ƙarewa. Aka ba Hajiya kujera, aka ɗauko allura ana nuna mata yadda ake ɗaurin zaren, ita ma ta warware bakin mayafinta tana nuna nata aikin. Ina tsaye a bakin ƙofa ina kallon agogo. Na san bas ɗin da ya kamata mu hau ya kusa tashi. Na buɗe baki ya fi a ƙirga, sai in ji nauyi, ta yaya zan ce wa uwar mijina ta tashi mu tafi alhali tunda ta zo ban ga ta sake haka ba? Na yi ta gyaran murya ina zagaye, ban faɗa ba.

Da muka fito bas ya tafi. Na gaba da ya zo a cike yake, muka samu shiga da ƙyar, a hanya kuma muka tarar da cunkoso saboda gyaran titi. Nan wayata ta fara ruri. Maigidan ne, ya ce ana ta kiran sunayenmu a lasifika, muna ina? Na faɗa masa. Ya ce ma'aikatan jirgin sun ce ba za su iya jira ba, sun buɗe akwatin ajiya sun ɗauki fasfo ɗinmu za su bar wa wakilinsu a tasha, shi ma yanzu zai sauko ya jira mu. Hawaye suka ɓalle mini a cikin bas. Hajiya ta karɓi wayar, ta saurare shi, sannan ta yi magana a natse.

"Ka zauna inda kake, kai da ko tsayuwa ba ka iya yi. Ka ba su maganina na hawan jini su haɗa da fasfo. Ni ina tare da 'yata, gobe ma haɗu."

Muna isa tasha jirgin ya riga ya janye daga gaɓa, ruwa ya shiga tsakaninmu. Ya saki wata doguwar ƙara da na ji har cikin cikina. Mutane sun yi layi a sama suna kallonmu, wasu na ɗaga hannu, can na hango wata farar jallabiya tana kai da komo, na san maigidana ne. Na durƙusa a wurin na ce Hajiya ta yafe mini, na san lokaci ya yi tun muna shago, kunya ce ta hana ni magana. Ta dube ni ta ce ashe ni ma ban da wayo, da na ja ta da mayafi ai da ta biyo ni. Sai ta ɗaga hannu tana yi wa jirgin bai-bai kamar ita ta sallame shi. Ban san lokacin da dariya ta ƙwace mini ba, ga hawaye ga majina.

Wakilin jirgin ya ba mu ambulan da fasfo da maganin, ya bayyana mana cewa gobe jirgin zai wuni a Napoli, in muka hau jirgin ƙasa na safe za mu riske shi. Ya nuna mana wani ƙaramin masauki kusa da tasha. Ɗaki ɗaya ya rage, gado ɗaya. Muka yi alwala muka rama sallolinmu, sannan yunwa ta ce ga ta nan. A wani ɗan shago na sayo mana curin shinkafa soyayye da cuku da alayyafo a ciki, bayan na tabbatar babu nama. Hajiya ta gutsura ta ce wannan ai tuwon shinkafa ne ya je makaranta. Ta fito da robar yaji daga jaka, ta baje takardar a tsakiyar gado, ta ce in sa hannu. Na fara 'yan noƙe-noƙena, sai ta ce in daina wahalar da kaina, tun ranar farko take ganina ina wucewa da faranti a rufe da tishu, har ta so ta ce in riƙa ɗebo mata ita ma. Ranar na ci abinci da surukata a takarda ɗaya, har muna rige-rigen na ƙarshe. Na shimfiɗa mayafi a ƙasa zan kwanta, ta ce in tayal ɗin Turawa ya kama mini haƙarƙari ita za ta yi jinya, in hau gado.

Da safe muka hau jirgin ƙasa. Bai yi nisa ba ya tsaya, ya ja baya, ya yi gaba, sai muka ga duhu da bangon ƙarfe ta taga. Na tambayi wata mata da ke kusa da mu, ta nuna mana da hannu mu fito mu hau bene. Muna hawa sai ga mu a tsakiyar ruwa. Ashe jirgin ƙasan ne gaba ɗaya aka raba shi aka shigar cikin wani jirgin ruwa don a tsallaka da shi. Hajiya ta riƙe baki tana ta tasbihi, ta ce jiya jirgin ruwa ya guje mu, yau ga wani ya haɗiye mu da jirgin ƙasanmu. Muna tsaye iska na kaɗa mayafanmu ta fara ba ni labarin ƙuruciyarta, yadda ta daɗe a gidan miji kafin ta samu ɗanta na fari, da irin maganganun da ta sha. Ta ce tun a lokacin ta yi wa Allah alkawari duk matar da ɗanta ya aura ba za ta ji irin wannan daga bakinta ba. Ta ce ita kuma shirun da nake yi ya sa ta ɗauka ban son zuwanta. Na riƙe hannunta har muka tsallaka.

Sauran tafiyar bakin teku muka bi, muna cin dabino muna hira kamar mun shekara tare. Da la'asar muka isa Napoli, tun daga nesa muka hango jirginmu, ga maigidan a bakin ƙofa fuska duk ta faɗa. Ya taho zai fara faɗa, Hajiya ta ce ya adana, laifin nata ne da tsohuwar mai leshi, in yana da ƙorafi ya koma Sisili ya same ta. A wurin cin abincin yamma ɗan Indonesiyan nan ya kawo mana kifi ninki biyu, tsofaffin Turawan suka tashi suka rungume Hajiya, mijin yana nuna mata da hannu cewa jiya abincinsa lami ya ci. Na cinye farantina tas a gaban kowa, na nemi ƙari.

Yanzu mun dawo gida. Duk wanda ya je gaishe da Hajiya sai ya ji labarin jirgin ƙasan da ya hau jirgin ruwa, in ya nuna shakka sai ta kira ni a waya in ba da shaida. Amma ina sane Allah ne ya rufa mana asiri. Da tasha ta gaba a wata ƙasa take wadda bizarmu ba ta kai ba, ko da jikin Hajiya ya motsa a hanya, da labarin ba na dariya ba ne. Don haka duk mai niyyar irin wannan tafiya, in zai fita yawo da kansa ya sani jirgi ba ya jiran kowa. Kada ya yi nisa, ya dawo da sauran lokaci a hannu, magani da waya mai caji su kasance a jikinsa. 'Yan uwana mata kuma, kunyar suruka ado ce, ban ce a yar da ita ba, amma in magana ta zama dole a faɗe ta cikin ladabi tun da wuri. Na yi shekaru ina tsoron matar da ashe jira take in matso kusa.