Layin da Na Ƙi Gogewa

Na daɗe ina aikin fassara a wani ɗan ofis da ke unguwar Deira a Dubai, hawa na biyu, saman shagon masu ɗaure kaya. Larabci a Khartum na koye shi, Faransanci a Yamai da Abijan, Turanci kuwa tun ina firamare a Kano. Takardun aure, na asibiti, hukuncin kotu, duk ta hannuna suke bi. Mai ofishin wani dattijo ne Basudane, shi ke da lasisi, shi ke da hatimi. Tun ban shekara uku da shi ba, ya daina karanta abin da na fassara. In na miƙa masa takarda sai ya buga hatimi ya sa hannu, idonsa na kan kofin shayinsa.

Shekarar da jirgin ƙasa na cikin gari, metro, ya fara aiki ɗan ƙanwata ya iso daga gida. Ni na samar masa aikin tuƙi a wani kamfanin kargo. Saurayi ne mai fara'a da saurin baki, cikin wata shida ya iya ciniki da Indiyawa da yarensu. Wata Juma'a da hantsi aka kira ni daga ofishin 'yan sanda. Ya daki shingen titi da motar kamfani, ba wanda ya ji rauni, amma da aka auna jininsa an sami giya. A wasu ƙasashen da na zauna akwai iyakar da in ba ka wuce ta ba, sai a ƙyale ka. A Dubai babu kaɗan babu da yawa. Ya yi 'yan makonni a tsare, aka ci shi tara, aka karɓe lasisinsa, kamfani ya sallame shi. Ranar da ya fito ya riƙe hannuna yana kuka, ya ce don Allah kada uwarsa ta ji. Na ce mata haɗari ya yi. Takardar hukuncin na sa ta a aljihun teburina na kulle.

Daga nan ya wuce Afirka ta Kudu. Ya yi aure a Johannesburg, ya sami takardar zama, ya buɗe shagon sayar da waya. Shekara huɗu ba ma jin juna sai da salla. Sai ga kiransa wata ranar Talata ina tsakar aiki.

"Kawu, barka da aiki. Har yanzu Larabawa ba su gaji da kai ba?"

"Sun gaji, ba su sami wanda ya fi ni ba ne. Yaya iyali?"

Bayan gaisuwa ya shiga magana. Sau biyu 'yan fashi suka shigo masa shago da rana tsaka. Maƙwabtansa duk suna da ƙaramar bindiga a ƙugu, shi kaɗai ne ba shi da ita, kuma ɓarayin sun sani. Ya nemi izinin riƙe bindiga, sai ya tarar dokar can tana tambaya ko kotu ta taɓa kama mutum da laifin da ya shafi shaye-shaye, a ƙasar ko a wajenta. Takardar shaidar hali da ya nema daga Dubai ta nuna yana da tsohuwar shari'a, don haka ɗan sandan da ke duba takardunsa ya ce ya kawo hukuncin da Turanci.

"Layi ɗaya ne, Kawu. Ka rubuta haɗarin mota, khalas, shi ke nan. Ai haɗarin aka yi, ba ƙarya ba ce."

"An yi haɗari. Me ya jawo shi?"

"Haba Kawu, wa zai karanta Larabci a can?"

"Ni na karanta a nan." Sannan na ce, "Tsakaninka da Allah, ka daina?"

Ya yi dariya. "Kusan."

"Kusan nawa?"

"Jefi-jefi ne, in kai ya yi zafi. Kawu, ba ka san garin nan ba."

Na san garin, na taɓa yin wata biyu a cikinsa, kuma ban ƙaryata tsoronsa ba. Amma na ga bindiga a ƙasashe da yawa. Na gan ta a Sudan a kafaɗar makiyayin da zai shekara bai taɓa kunamarta ba. Na gan ta a wata tasha a Abijan a hannun wani direba da ya sha ya yi tatil, yana musu da abokinsa a kan layin lodi, kuma na ga yadda aka ɗauke abokin a tabarma. A Dubai kuwa sai ka yi shekara goma ba ka ga farar hula da ita ba, kuma ba wanda ya ce an rage masa mazantaka. Abin da na fahimta a yawon nan shi ne, duk ƙasar da ta yarda ta ba mutum bindiga, tambaya ɗaya take yi ta hanyoyi daban-daban: in ransa ya ɓaci, yana cikin hankalinsa? Mutumin da ya riƙe sitiyari a buge ya riga ya ba da amsa sau ɗaya. Na ce masa zan fassara takardar yadda take, ko in bar ta a aljihun tebur. Ya kashe waya ba sallama.

Kwana biyu sai ga kiran ƙanwata. Ashe ya zauna ya gaya mata komai, don ta sa baki.

"Yaya, ashe ka iya ɓoye mini magana shekara huɗu, amma layi ɗaya ya gagare ka?"

Maganar ta same ni, ban ɓoye ba. Na ce, "Na ɓoye miki don kada ranki ya ɓaci, kuma ki yafe mini. Amma shiruna bai sa makami a hannun kowa ba."

"In suka kashe mini shi fa?"

"In shi ya kashe ɗan wata fa? Ita ma uwa ce."

"Kai dai ba ka haife shi ba," ta ce, ta ajiye waya.

Labari ya zaga. Duk Juma'a bayan masallaci ni da 'yan'uwa Hausawa mukan hau abra, ƙaramin jirgin ruwan fito, mu tsallaka Bur Dubai, mu ci abinci a gidan wani abokina ɗan zangon Kumasi, mai gadin wani otal. Ranar ko hannu ban wanke ba ya fara.

"Malam, mun ji abin da ke faruwa. Rufin asiri ai ibada ne. Yaron nan namu ne, a cikin kuraye yake zaune."

Na ce, "Alhaji, kai mai gadi ne. In aka kawo maka abokin aiki aka ce jefi-jefi yake sha, aka ba shi bindiga, za ka juya masa baya ka yi salla?"

"Ni ko sanda ba su ba ni ba, habibi," ya ce, aka yi dariya. Amma sauran ba su sake ni ba. Wani ya ce boko ya yi mini yawa, wani ya ce na zama Bature da rawani. Na ce su kira ni abin da suka ga dama. Na rufa wa yaron asiri a wurin mutanen da ba abin da zai same su in ba su sani ba. Wanda zai tsaya a gaban kantarsa yana musu a kan lalatacciyar waya, shi yana da haƙƙin a faɗi gaskiya. Sannan ga dattijon da ke buga hatimi ido rufe saboda ya yarda da ni. Na cinye tuwona na tashi.

Yaron ya aiko saƙo cewa in turo takardar ko yaya take, zai gwada sa'arsa. Na fassara ta kalma bayan kalma, har adadin giyar da likita ya rubuta. Da na kai wa Basudanen na ce yau sai ya karanta. Ya sa tabarau ya karanta, ya dube ni.

"Ɗanka ne?"

"Ɗan ƙanwata."

Ya buga hatimi.

Aka hana shi izinin. Bayan wata bakwai ɓarayi suka sake shiga shagon, suka fasa masa kai da gindin bindiga, aka yi masa ɗinki. Ƙanwata ce ta kira ta gaya mini, karo na farko tun waccan ranar.

"To ka ji. Hankalinka ya kwanta?"

"Bai kwanta ba. Yana magana? Yana gane mutane?"

"Yana gane su. Abu ɗaya nake so, Yaya. Ka kira shi ka ce ka yi kuskure."

Na ce zan kira shi yanzun nan, zan yi masa sannu, in yana so in zo in yi jinyarsa gobe zan nemi biza. In ya ga barin garin ya fi, ɗakina a buɗe yake. Amma kuskure ban yi ba, kuma ba zan faɗa wa marar lafiya ƙarya don ya ji sanyi ba.

"Ko da zan daina kiranka?"

"Ko da za ki daina. Ni ba zan daina kiranki ba. Ba ni lambar asibitin."