Fayilolin da Na Ɓoye a Silin

Ƙosai ne ya kai ni gidan yari. Ku riƙe dariyarku tukuna.

Ina ɗan shekara goma sha takwas kawuna ya samar mini aikin masinja a wani ofishin gwamnati a Garki, a ɗakin ajiyar fayil. Wata uku ba wanda ya san sunana. "Kai" ake ce mini, sai ka ce akuyar da ta shiga gona. Mutum ɗaya ce ke tambayar ko na karya: Madam Ladi, shugabar ɗakin, 'yar Filato mai tabarau a kan hanci.

Wata safiya na ɗora ƙosaina a kan fayil ɗin wani malamin asibiti. Man ƙosan ya zana taswirar Najeriya a jikinsa, har da kogin Neja. Tsoro ya sa na taka kujera, na ɗaga allon silin, na cusa shi ciki. Mutumin ya yi mako biyu yana zarya daga Karshi. Da tausayinsa ya kama ni, na sauko da fayil ɗin na ce a bayan kabad na tsinta. Ya rungume ni, ya tura mini na goro a aljihu, ya ce, "Oga, ya sunanka?"

Oga. Ni da ko kyanwar ofis ba ta kulawa.

Daga ranar fayiloli suka fara ɓata, ni kuma na zama gwanin nemowa. Dattawa masu jiran takardar ritaya suna miƙe mini tsaye. Na san ba daidai ba ne. Amma a ɗakina na Apo daga ni sai bango, a ofis kuwa kowa sunana yake kira. Madam Ladi ta taɓa dubana ta saman tabarau ta ce, "My son, fayil ba shi da ƙafa fa. In ya tafi, wani ne ya goya shi." Na ce mata ɓerayen Garki sun yi karatu.

Da damina ta zo rufin ya fara yoyo. Wata Litinin silin ya rufto a kan teburin Madam, fayiloli suka zubo kamar fate. Takardun asali ne na mutane, wasu ba su da kwafi.

Aka kafa kwamiti. Mabuɗin ɗakin yana hannun mutum biyu, ni da ita. Kafin a kira mu ta same ni a baranda ta ce, "Ka faɗa mini gaskiya, ni zan roƙa maka. Saura shekara ɗaya in yi ritaya."

Maganar ta zo har bakina. Sai na tuna kawuna, na tuna 'yan sanda, na ce, "Wallahi Madam ban san komai ba." A gaban kwamiti har na ƙara da cewa na taɓa ganinta tana taka kujera. Matar da ba ta gama hawa bene sai ta huta sau uku. Suka yarda. Aka kore ta, babu fansho.

Bayan wata biyu wani dattijo da takardunsa suka ruɓe ya gaya wa masu bincike wanda ya saba ba wa na goro. Alƙali ya yanke mini wata tara. Kawuna bai zo ba ko sau ɗaya. Ranar ziyara nakan zauna kusa da ƙofa ina jin ana kiran sunayen wasu.

Na fito, na tuba, yanzu ina koyon gyaran mota. 'Yan uwana matasa, in Allah ya ba ku aikin gwamnati, ko na share tebur ne, ku sani takardar da ke hannunku rayuwar wani ce. In kun yi kuskure ku faɗa tun ranar, zagi ɗaya ne ya wuce. Kada kuma ku jefa wanda ya riƙe ku da mutunci don ku tsira.

Na rubuta wa ofishin duk gaskiyar, amma ba a mayar da Madam Ladi aiki ba. Tana sayar da shinkafa a bakin wani gareji. Sau uku na je na tsaya a tsallaken titi. Har yau ban tsallaka ba.